Ruwa a Ƙirjin Malam Tukur

Maigidana, Malam Tukur, shi ya ce in rubuta wannan. Malamin motsa jiki ne a wata sakandaren maza da ke Tarauni, kuma duk shekara yakan koya wa 'yan aji biyar yadda mutum ke numfashi. Ya ce bana yana so ya karanta musu abin da ya same mu bayan ya gama darasin, sai dai rabin abin bai tuna ba, don yana kwance aka yi. Ni kuwa ina tsaye a kansa. Na ce to. Na yi kwanaki ina rubutawa ina ajiyewa, saboda har yau gajiyar ba ta sake ni ba.

Sunana Sa'adatu. Muna zaune a wani gidan haya mai sassa uku a Gyaɗi-Gyaɗi, da 'yarmu ɗaya, Hanifa, wadda a lokacin shekararta huɗu. Sana'ata zoɓo da kunun aya, ina ƙullawa a gorori ina kai wa shagunan da ke kusa da babban asibiti.

Tunda na auri Malam ban taɓa ganinsa kwance da rana ba. In ya dawo sallar asuba sai ya sa takalmi ya fita gudu, ya kai Hotoro ya dawo kafin in sauke ruwan shayi. Asabar da Lahadi yana alƙalancin ƙwallon unguwa, usur a baki, yana bin samarin da ya ba wa shekara ashirin.

Darasin numfashin ni ma na haddace shi, don a kaina yake gwadawa kafin ya shiga aji. Yana da wata gorar roba da ya yanke gindinta ya rufe da fatar balan-balan, ya zura wasu balan-balan biyu a ciki ta bakin gorar. In ya ja fatar ƙasan, sai na cikin su kumbura. In ya saki, su motse.

“Kin gani, Sa'a?” in ji shi. “Huhu ba ya jan iska da kansa. Akwai wata faffaɗar tsoka a ƙarƙashinsa, kamar ƙwarya a kife. Ita ke sauka, haƙarƙari ya buɗe, fili ya samu. Sai iska ta shigo ta hanci, ta bi maƙogwaro, bututun ya rabu biyu, ya yi ta rassa kamar bishiya. A ƙarshen kowane reshe akwai 'yan buhuna ƙanana da ido ba ya gani. A nan jini ke ɗaukar iska mai amfani, ya sauke wadda ta gama aiki. In ɗan wasa na gudu, tsokokinsa ƙari suke nema, shi ya sa yake haki.”

Ni kuwa ina tace aya ina cewa, “To, Malam.”

Tarin ya fara ne a farkon damina, bayan wani wasa da ya yi alƙalanci ruwa na dukansa. Babu wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Ya biya kemis ɗin bakin layinmu aka ba shi maganin tari na kwalba da wasu ƙwayoyi. Ya lafa kwana huɗu, ya dawo. A sati na uku zazzaɓi ya shigo, irin wanda ba ya zuwa sai bayan la'asar. Aka ce na sauro ne, ya sha magani. Bai tafi ba, aka sake cewa na sauro ne, aka yi masa allura. Ni abin da ya fara damuna shi ne zanin gado. Duk safiya sai in same shi jiƙe sharkaf ta ɓangarensa, alhali garin da sanyin ruwa.

A sati na biyar ya daina fita gudu. Ya ce gwiwa ce ke damunsa. Na gan shi yana huda wa bel ɗinsa sabon rami da ƙusa, ya juya mini baya. Na lura kuma ba ya kwanciya sai ta gefen hagu, in ya juya dama sai ya tashi zaune yana laluben iska. Magana ma ta fara tsinke masa a tsakiya, mutumin da muryarsa ke kaiwa daga wannan raga zuwa waccan.

Daga nan shawarwari suka fara shigowa. Yayansa, Yaya Auwalu, ya zo daga Daurawa ya ce sanyi ne ya shiga ƙirjinsa, a kashe fanka, a hana shi ruwan firij. Wata gwaggonsa ta aiko a ce mana jifa ne, tunda an ba shi shugabancin wasanni a makaranta ai sai ya yi maƙiya. Maƙwabta suka kawo zuma, citta, tafarnuwa, man habbatus sauda. Duk wanda ya kawo da zuciya ɗaya ya kawo, kuma duk na ba shi, har bakinsa ya saɓule.

Sai Inna ta iso. Mahaifiyarsa ce, tana zaune a gidan Yaya Auwalu, ta haura saba'in amma har lokacin da kanta take wankinta. Ta shigo da ƙullin kayanta da wata ƙaramar tukunyar ƙasa, ta dubi ɗanta, ta dube ni.

“Haka kika bar shi ya koma, Sa'adatu?”

Na karɓi ƙullin kayanta na shigar ɗaki. Ta sa na rufe tagogi duka, ta dafa ganyayyaki, ta lulluɓe shi da bargo yana sirace, ita kuma tana zaune daf da shi tana riƙe bakin bargon. Safe da yamma haka ake yi. In ya fito sai ya yi ta tari har ya durƙusa, ita kuma ta ce ai ciwon ne ke fita.

A sashen da ke jikin namu akwai wata nas, Sista Naomi, mutuniyar Filato, da ita da 'ya'yanta biyu. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Wata safiya ta tare ni a bakin famfo tana sanye da fararen kayan aiki.

“Maman Hanifa, tarin nan da nake ji, ya kai sati nawa?”

Na ce, “Ya kusa wata biyu.”

Ta ajiye bokitinta. “Wata biyu? Yana zufa? Yana rama?”

Na gyaɗa kai.

“Ki kai shi asibiti. Ba kemis ba, asibiti. A ɗauki hoton ƙirjinsa, a gwada kakinsa. Kuma don Allah ki buɗe tagogin nan.”

Da na faɗa wa Malam sai ya yi dariyar da ta ƙare da tari. “Ni da nake koyar da huhu za a koya wa huhu? Bari mu gama wasannin makaranta, in bai tafi ba sai in je.”

Bai gama ba. Ranar Talata wajen ƙarfe sha ɗaya wayata ta yi ƙara, wani malami abokin aikinsa ne. Ya ce Malam ya jera yara za su yi tseren mita ɗari huɗu, ya ɗaga hannu, ya sa usur a baki, amma usur ɗin bai yi ƙara ba. Ya sake gwadawa, sai kawai ya zauna a kan ciyawa, leɓensa ya canza launi. Suna hanyar asibiti da shi. Na bar zoɓo a kan wuta na fita, sai Inna ce ta sauke.

Wanda bai taɓa jinya a babban asibiti ba bai san yawan marasa lafiyan garin nan ba. Layin kati daban, layin biya daban, layin hoto daban. Ka kai gaban taga a ce ba nan ba ne, koma waccan. Ina riƙe da takardu a hannu ɗaya, ɗayan ina tura keken da aka ɗora shi a kai. Sai bayan la'asar muka ga likita, wata matashiya mai gilashi wadda daga ganin idonta ita ma tun safe ba ta zauna ba. Ta ƙwanƙwasa bayansa da yatsu, dama da hagu, ta saurara. Sannan ta ɗaga hoton saitin fitila.

Ko ni da ban yi karatun ba na ga bambanci. Gefen dama baƙi, ana ganin haƙarƙari a jere. Gefen hagu fari fat tun daga ƙasa har ya wuce rabi.

“Malam, ruwa ne ya taru tsakanin huhunka da bangon ƙirjinka,” in ji ta. “Huhun bai mutu ba, matse shi aka yi.”

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, “Tsokar na sauka, amma babu filin.”

Likitar ta dube shi. “Kai ma'aikacin lafiya ne?”

“Malamin motsa jiki.”

“To ai ka fi kowa sanin bai kamata ka kai yau ba.”

Ya sauke idonsa daga hoton.

A ranar suka huda tsakanin haƙarƙarinsa suka zura roba, ɗaya bakin yana cikin wata kwalba a ƙarƙashin gado. Aka ce in fita, amma ina jin nishinsa daga baranda. Da na dawo ruwa na sauka, launin shayin da ba a sa wa madara ba. Na ga an zubar, ya sake taruwa, an sake zubarwa. Na yi ta mamakin yadda mutum ke yawo da wannan a ƙirjinsa har yana zuwa aiki.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a ɗakin maza. Kullum in tashi in dafa abinci, in shirya Hanifa in bar ta wurin Inna, in tari adaidaita sahu, ko in taka da ƙafa in ruwa ya cika layinmu sun ƙi shigowa. In na isa a miƙo mini 'yar takarda: safar hannu, auduga, filasta, allura. In je in sayo, in dawo a miƙo wata. 'Yan kunnena na aure a satin farko suka tafi. Na koyi goge masa jiki ba tare da na taɓa robar ba, na koyi ɗaga shi zaune, na koyi cin abinci a tsaye. A baranda na saba da sauran masu jinya, mata da maza, kowa da tabarmarsa da fulas ɗinsa. Ba ma tambayar juna suna, sai dai, “Ya mai jiki?” In ka zo da safe ka ga tabarmar wani babu, ba ka tambaya.

Sista Naomi ba a ɗakin take aiki ba, amma duk ranar da take bakin aiki sai ta leƙo. Ita ta nuna mini ƙofar da ake bi zuwa ɗakin gwaji ba tare da an zagaya ba.

A kwana na uku sakamakon kaki ya fito. Tarin fuka ne. Shi ya ci gefen huhun, shi ya tara ruwan. Aka mayar da Malam gadon ƙarshe kusa da taga, aka ba mu takunkumin fuska. Da aka sallame mu aka tura mu wani ɗan ofis a bayan asibitin, inda wani ma'aikaci mai furfura ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla. Maganin kyauta ne. Wata shida za a sha, kullum da safe kafin a ci komai, ba a tsallake ko kwana ɗaya. Ya ɗauko wani kwali ya rubuta sunan Malam a jiki, ya ce maganinsa na wata shidan duk yana ciki, za mu riƙa zuwa muna karɓa kaɗan-kaɗan.

“Cutar a iska take tafiya,” in ji shi. “In ya yi tari a ɗaki rufe, ta daɗe tana yawo. A buɗe tagogi, rana ta shiga. Kuma duk wanda ke kwana a gidan a kawo shi mu duba. Duka, Hajiya. Har wanda ba ya tari.”

Washegari na kai kaina da Hanifa. Allah ya sa ba a samu komai ba, aka dai ɗora ta a kan maganin kariya saboda ƙanƙantarta. Saura Inna.

“Ni?” ta ce. “Ina tari ne? Shekara saba'in ban kwana a asibiti ba, sai yanzu za a kai ni a ce in tofa kaki a kwalba?”

“Inna, cewa suka yi kowa.”

“Su suka ce. Ni ban ce ba.”

Na koma wurin Malam na ce ya yi mata magana. Ya yi, da muryar da ba ta fita sosai. Ta ce ya yi shiru ya ji da kansa. Sista Naomi ma ta shigo ta durƙusa ta gaishe ta, ta roƙe ta. Inna ta sa mata albarka, ta ce Allah ya saka, amma ba za ta ba. Ba ta tsaya nan ba. Ta ɗauki tabarmarta ta kai ɗakin da muka ware masa. In na buɗe taga, da na juya baya ta rufe, wai iskar damina za ta mayar da ruwan. Takunkumin da na ba ta kuwa ta ninke shi ta sa a ƙarƙashin filo.

“Ni na haife shi,” ta ce. “Ba zan rufe masa fuskata ba kamar wata baƙuwa.”

Na sha tambayar kaina abin da zai faru da na dage. Amma suruka ce, a gidan ɗanta, ga ni na gaji har ƙashina. Rannan na zauna a bayan kicin na yi kuka, na share fuska, na koma na ɗora tuwo. Ban sake tayar da maganar ba. Wannan shirun nawa yana cikin abin da ya sa na yarda in rubuta.

Labari ba ya ɓuya a unguwa. Masu zuwa dubiya suka koma tsayawa a bakin ƙofa, su yi addu'a da sauri su wuce. Wasu na ga alama ba sa son karɓar ruwan gidanmu. Da na kai zoɓo shagon da na fi shekara uku ina kai wa, mai shagon ya ƙi haɗa ido da ni.

“Hajiya, a ɗan dakata tukuna. Kin san mutane.”

Na ce, “An gwada ni, ba ni da komai.”

“Na sani, wallahi. Amma kin san mutane.”

Na juyo da gororina. Cikin sati biyu sauran ma suka bi sahu. Makarantarsu dai ta yi mana halacci. Shugaban ya zo da kansa, ya shiga har ɗaki ya zauna ya sha ruwanmu, kuma ya sa aka je aka duba yaran ajin Malam. Ranar da aka ce ba a samu ko ɗaya da cutar ba, Malam ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Maganin kansa wani ciwo ne. Manyan ƙwayoyi, a kan cikin da babu komai. Fitsarinsa ya koma ja kamar an zuba manja, sai da aka ce mana haka yake yi hankalina ya kwanta. Gaɓoɓinsa suka riƙa ciwo, zuciyarsa na tashi, ƙafafunsa na zugi. Mai gashin ƙashi a asibiti ya ce ya riƙa jan dogon numfashi yana hura balan-balan, don huhun da aka matse ya sake buɗewa. Balan-balan kam akwai su a jakarsa ta makaranta. Ya ɗauki ɗaya ja, ya hura, ya hura, jijiyoyin wuyansa suka tashi, abin ko motsi bai yi ba. Ya ajiye a kan cinyarsa ya juya fuska bango. Na fita na ba shi wuri. Sai da ya yi sati uku kafin ya kumbura shi ya kai girman lemo.

A wata na uku da fara magani jiki ya fara dawowa. Tari ya tsaya, ya fara cika rigarsa. Inna ta ce aikinta ya ƙare, ta ɗaure kayanta ta koma Daurawa. A watan ne kuma muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Yaya Auwalu ya zo ya ce maganin Bature in ya yi yawa kashe jiki yake, tunda an warke a bari haka. Malam da ya gaji da tashin zuciya ya ji daɗin maganar. Da safe na kawo ƙwayoyin da kofin ruwa, ya ce in ajiye.

“Ba zan ajiye ba.”

“Sa'a, na warke. Jikina ne, na san shi.”

“Haka ka ce wancan karon.”

Ya ɗago ya dube ni, ransa a ɓace. Ban kau da kai ba. Na ce masa mutumin ofishin nan ya ce in aka yanke a tsakiya, cutar dawowa take da ƙarfin da maganin nan ba ya iya mata, kuma ni ba ni da sauran ƙafar da zan sake bin layukan nan daga farko. Na ce in ya ga dama ya sake ni, amma sai ya haɗiye tukuna. Ya karɓa ya haɗiye. Kwana biyu ba ya yi mini magana sai gaisuwa. Kullum kuma ina tsaye a kansa da kofi.

Wata shida suka cika. Aka gwada kaki, babu komai. Aka sake hoto, farin ya tafi sai wani tabo a ƙasan hagu, kamar inda aka goge allo bai goge duka ba. Likitar nan mai gilashi ta ce ya warke, amma wurin ya yi kauri, ba zai buɗe kamar da ba. Asabar ɗin farko ya sa takalminsa ya fita. Bai kai shataletalen unguwarmu ba ya dawo da tafiya, yana dafe da haƙarƙari. A satin ya aika wa masu ƙwallon unguwa cewa su nemi wani alƙalin. Ya koma makaranta, yana koyarwa yana hutawa. Ni ma shago ɗaya ya sake karɓar zoɓona, sannan na biyu. Na fara barci har in makara. Na ɗauka mun gama.

Bayan kamar wata biyu, da hantsi, matar Yaya Auwalu ta kira ni. Ta ce Inna ta faɗi a bakin banɗaki, sun ɗaga ta sun ji kamar ba mutum suka ɗauka ba.

Muna zuwa Daurawa duk Juma'a gaishe ta, kuma kullum mukan same ta zaune cikin babban mayafi, kanumfari a baki, ta amsa gaisuwa a taƙaice ta ce mu tashi kada yamma ta yi mana. Ashe zani biyu take ɗaurawa don kada a ga ramar. Ashe tarin riƙe shi take har mu fita. Mutanen gidan ta ce musu tsufa ne, ta kuma hana a faɗa mana. Da na ɗaga filonta zan gyara mata kwanciya, na ga wani tsumma a ninke, da jini a jiki, sabo da tsoho.

Malam ya durƙusa a gabanta. “Inna, tun yaushe?”

“An ɗan jima.”

“Me ya sa ba ki faɗa ba?”

Ta daɗe tana tattara iska kafin ta iya magana. “Da na faɗa, da an ce kai ka sa mini. Ka sha wahalar da ta ishe ka. Ban so a ɗora maka wannan.”

Ya kifa kansa a gefen katifar. Ta ɗora hannu a ƙeyarsa.

“Ɗago, Tukur. Ni na zauna. Ba kai ka zaunar da ni ba.”

A wannan karon ba ta yi gardamar asibiti ba, ba ta da ƙarfin yi. Na sake bin layin kati, layin biya, layin hoto. Masu gadin ƙofa suka gane ni, ɗaya ya ce, “Hajiya, jikin ne ya tashi?” Na ce a'a, wata ce. Hotonta ba ruwa ba ne. Huhun ne da kansa, duka biyun, ya yi ramuka. Aka sa mata robar iska a hanci, aka fara magani, aka rubuta sunanta a sabon kwali. A ranar Malam ya kwashi gidan Yaya Auwalu kaf, manya da yara, ya kai su gwaji, kuma babu wanda ya buɗe baki ya yi musu. Aka samu ƙaramar jikar Inna da ke kwana a ɗakinta ta kamu, aka ɗora ta a kan magani da wuri. Ita tana samun sauƙi.

Ni na yi jinyar Inna a ɗakin mata. Na yi mata wanka, na tsefe mata kai, na ba ta kunu da cokali. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa ta ce, “Sa'adatu, buɗe tagar nan.” Na buɗe. Ta ce, “Na wahalar da ke.” Na ce babu komai, Inna. Iyakar abin da muka ce ke nan a kan maganar. Kwananta goma sha tara a asibiti, ta rasu ranar Alhamis bayan azahar, Malam na riƙe da hannunta. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ina godiya ga Sista Naomi, da likitar nan da ban san sunanta ba, da dattijon ofishin magani, da shugaban makarantar da ya sha ruwan gidanmu lokacin da wasu ke gudu. Ina kuma da ƙorafi. Mai kemis ɗin da ya ga mutum na dawowa sau huɗu da tari ɗaya bai taɓa cewa ya je asibiti ba. 'Yan'uwa kowa ya zo da magani, babu wanda ya zo da shawarar gwaji. Malam ya san huhu a kan allo, ya ƙi sauraron nasa. Ni kuma na ji kunyar suruka a inda bai kamata ba.

Ku ɗalibansa, ƙarfin da kuke ji a ƙirjinku ba ya hana wannan cutar shiga. Tari in ya wuce sati biyu, ku je a gwada. In an ce a kawo mutanen gida, ku kawo kowa, har wadda kuke jin nauyinta, ko za ta yi fushi da ku shekara guda.

Bayan addu'ar bakwai na tarar da ragowar ƙwayoyin Inna a cikin jakata, na kwana biyar da ba ta kai ga sha ba. Malam ya ce ba zai iya zuwa ofishin magani mayar da su ba, sai na tafi ni kaɗai. Dattijon ofishin ya yi mini ta'aziyya, ya karɓa, ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da kwalin Inna. A cike yake, kusan ba a taɓa shi ba. Ya zuba waɗanda na kawo a ciki, ya ɗauki biro ya ja layi a kan sunanta. A bakin ƙofa wata mata na zaune a benci da mijinta, yana tari cikin hankici, ita kuma tana riƙe da takardu da fulas, tana dube-dube ba ta san inda za ta fara ba. Na nuna mata tagar da ake miƙa kati. Sannan na tambaye ta su nawa ne a gidansu.